Fatu Ukun da Aka Ajiye a Bakin Lambatu

Ƙanena ya ci mutuncina a ofishinsa, a gaban baƙi. Ɗan Baffana ne, gida ɗaya muka tashi a nan cikin birni, yanzu kuma babban likitan dabbobi ne, Dakta ake ce masa. Na kai masa fatun awaki guda uku da na ga wani tabo a jikinsu wanda tun da nake jima ban taɓa ganin irinsa ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, nan ba majema ba ce." Sannan ya sa masinja ya kwashe su ya ajiye a bakin lambatu. Wai ni ya kira "Malam", mutumin da har ya yi gemu Yaya yake kirana. Ba zan faɗi sunansa ba, don uwarsa, Gwaggo, tana raye, kuma ita ta goye ni lokacin da tawa ta kwanta ciwo. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri. Abin da ya ba ni mamaki, na zaci haushinsa ne zai cika mini ciki, sai ga shi tun ranar ba shi nake tunawa ba. Baba nake ta tunawa, da zauren gidanmu na da.

A zamanin da na yi wayo ba agogo ke tashinmu ba. Ana idar da sallar asuba za ka ji kartaji ya fara, wato ƙarfen nan da ake riƙewa da hannu biyu ana kankare gashin fata da shi. Daga gidanmu har gidaje huɗu na gaba haka za ka ji, kowa da irin tafiyar hannunsa, ko ido a rufe ina bambance na Baba da na Baffa. Na Baba a hankali yake tafiya kamar mai shara, na Baffa kuwa kamar wanda ake jira a waje. Sai tantabaru su ɗauka daga saman soro, sai turmi ya shigo, domin dakan bagaruwa aikina ne kafin in tafi makaranta, kuma in garinta ya shiga hanci sai ka yi atishawa har hawaye. Ni ne mai ɗebo ruwa a kududdufin bayan gida. Ni ne mai bin gidajen masu tantabara da kwando ina kwaso kashinsu, don da shi ake sa fata ta yi laushi, matan gidajen su yi ta tsokanata, "Ga angon tantabaru ya zo, ku ba shi hanya." Unguwarmu ba a yi wa baƙo kwatancenta, hancinsa ne zai kawo shi, mu kam ba ma jin komai. Da hantsi dukawan kasuwar Kurmi su zo suna murza jar fata a tsakanin yatsu suna cewa ta yi kauri, alhali sun san duk birni babu irinta. Yanzu an cike kududdufin an jera shaguna a kai ana cajin waya. Gidaje biyar da ake jima saura ni kaɗai, ni ɗin ma rabin aikina sayen ɗanyar fata ne in sa gishiri in miƙa wa kamfani. Ƙirgin saniya ma ba ya isowa hannunmu, an babbake shi an cinye a miya.

Baba yana da wata doka guda wadda ko Baffa bai isa ya taka ba. Fata ba ta shiga ruwa sai ya duba ta, kuma ɗaurin wani ba ya haɗuwa da na wani. Masu kawo mana fata daga kasuwannin ƙauye kowa da irin ɗaurinsa. Wani da kaba yake ɗaurewa, wani da igiyar rama, wani da jan tsumma, in ka ga igiya ka san kasuwar da kayan suka fito. Baba zai zauna a bakin zaure inda rana ke faɗowa, ya kwance ɗauri ɗaya, ya shimfiɗa fata a gwiwa cikinta a sama, ya shafa da tafin hannu, ya sunsuna, ya ɗaga ta wajen rana. Sai ka ji yana magana shi kaɗai. "Wannan kirci ne. Wannan ƙaya ce ta yage ta. Wannan mahaucin yana sauri ne, wuƙa ta zarce." In ya gama da fata ya koma kan mai kawowa. Yanka ce ko mushe? Awakin garin suna tari? An yi ta yanka ne da yawa makon nan, me ya sa? Har wani daga cikinsu, mai jan tsumma, ya taɓa ce masa, "Baba, fata kake saye ko auren akuyar za ka nema?" Baba ya ce, "In ka gaya mini halin danginta ma ina so."

Duk wannan tambaya da inda take zuwa. Ranar Alhamis malamin dabbobi yake biyowa ta unguwarmu a kan kekensa, wani dogo mai wandon kaki da ya matse ƙafarsa da ƙarfe don kada sarƙa ta ci. Ya riga ya zaga kara wajen dillalan dabbobi, ya leƙa wajen mahauta, mu ne na ƙarshe. Ba ya toshe hanci. Ya jingine keke, ya tsuguna ya gaida Baba, ya kife tsohon turmi ya zauna, ya fasa goro ya miƙa.

"Baba, me fatu suka ce makon nan?"

"Malamin awaki, sun ce ka rage zaman ofis."

"Ni da ko kujera ban da ita?"

Sai su yi dariya, sannan Baba ya jero masa abin da ya gani, kasuwa kaza ƙazuwa ta yi yawa, kasuwa kaza lafiya lau. Shi kuma ya rubuta a ɗan littafinsa da fensir. Abin nan da yanzu ake hayar ɗakin taro a otal ana kiransa sa ido kan cututtukan dabbobi, da idona na gan shi ana yi a kan kifaffen turmi. Dakta a lokacin bai fi a aike shi sayen ashana ba. Da ya ji ƙararrawar keke zai fito da gudu, malamin ya ɗora shi a kan sirdi ya bar shi ya yi ta kaɗawa. Shi tun yana yaro warin jima yana tayar masa da zuciya, Baba kuwa yana ji da shi, ya kan ce, "Wannan a bar shi ya yi boko, hannunsa ba na kartaji ba ne."

Ina ɗan shekara goma sha shida na yi ɓarnar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Wata safiya aka yi rasuwa a unguwa, Baba da Baffa suka tafi jana'iza. Suna fita ɗauri uku suka iso daga kasuwanni uku, masu su suka ajiye suka wuce don su sami motar komawa. Ni kuma lokacin ina ganin na zama mutum. Na ce bari in ba Baba mamaki, ya dawo ya tarar aiki ya yi nisa. Na kwance ɗaurin duka uku, na zuba fatun a kwatarniya ɗaya, na cika da ruwa, na kwashi igiyoyin na kai wa Inna ta hura wuta. Na zauna a zaure ina jiran yabo.

Baba ya dawo, ya leƙa kwatarniya. Ya naɗe hannun riga ya fara zaro su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa wajen rana. A ta bakwai ko ta takwas hannunsa ya tsaya. Ya ajiye ta gefe. Kafin ya gama ya ware huɗu, kowacce da wasu tabo zagaye-zagaye kamar an ɗora mata kwabo mai zafi, daga wuya har gindin wutsiya.

"Waɗannan daga wane ɗaurin suka fito?"

Na ce ban sani ba.

"Ina igiyoyin?"

"Inna ta dafa koko da su."

Baffa ya ɗauko dorina, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Kirci na san shi, ƙazuwa na san ta, ba sa ba ni tsoro. Wannan ban san shi ba, kuma yanzu ban san garinsu ba." Ya dube ni ya ce, "Wanke hannunka. Gobe da takalmi za ka tashi."

Ya aika wa malamin dabbobi da fata ɗaya, malamin ya zo da kansa ya juya ta ya juya, ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma ba zai iya tayar da mutane a kasuwa uku a kan zato ba, sai an san wacce ce. Kasuwannin kuwa kowacce da ranar cinta. Ta farko muka fita ta Ƙofar Kabuga a bayan akori-kura, muka yini Baba yana buɗe bakin awakin mutane yana shafa wuyansu, ba komai. Ta biyu bayan kwana biyu, nan ma ba komai sai zafin rana da masu awaki da ke tambayar ko saye za mu yi ko wasa. A hanyar dawowa ya saya mini rake, ya zauna yana kallona ina sha, ni kuwa da dorinar Baffa aka yi mini da ya fi mini sauƙi. Ta uku sai da aka kwana shida da ɓarnata sannan ta ci.

Tun kafin mu shiga kasuwar Baba ya rage tafiya. Awaki sun yi yawa, kuma sun yi arha, ga majina a hancin wasu. Aka nuna mana wani ƙauye kusa, muka taka da ƙafa. A gidan farko muka tarar da wata tsohuwa zaune a tsakar gida, turaku tara a kafe, akuya ɗaya ce a ɗaure, ita ma jikinta duk ƙuraje. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama mana fura, ta ce shida sun mutu a cikin kwana goma. Biyu kuwa da ta ga sun fara sanyi, da safen nan ta ba jikanta ya kai kasuwa, an saya an ɗora a motar birni. Ba ta ɓoye ba, kuma Baba bai ga laifinta ba, kowa haka yake yi, kafin dabba ta faɗi a rabu da ita. Da Baba ya gaya mata abin da ya kawo mu, sai ta ce, "Allah sarki, Malam. Da makon jiya kuka zo, da sauran na nan."

Baba bai dube ni ba. Ya shanye furarsa, ya yi mata addu'a, muka taso.

Washegari malamin dabbobi ya tafi da mutanensa, aka hana fitar da awaki daga yankin na wani lokaci, aka killace na killacewa. Amma waɗanda suka riga suka shigo birni sun shigo. A wajen Ƙofar Na'isa gidaje da dama sun yi asara, yawanci na mata masu kiwon akuya biyu uku a bayan ɗaki. Dillalai suka yi fushi da Baba don an tsayar musu da kasuwa, wasu suka daina yi masa sallama har aka yi Sallah. Da malamin ya tambaye shi yadda aka yi ɗauri ya cakuɗe, ina tsaye a wajen, Baba ya ce, "Jinkirin daga gidana ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, har ya koma ga Allah ban ji ya gaya wa kowa ni ne ba. Abin da ya yi, ya sa aka kawo wata 'yar kujera aka ajiye kusa da tasa a bakin zaure. Kowace fata in ya duba ya miƙo mini ya ce, "Kai me ka gani?" In na yi kuskure ya kama hannuna ya ɗora a wurin ya ce in sake shafawa. Tafin hannunsa kamar bayan ƙwarya don kaushi, bagaruwa ta rina farcensa baƙi, amma ƙurjin da bai kai ƙwayar gero ba yana jin sa.

Shekaru suka tafi. Malamin dabbobi ya tsufa, aka daina jin ƙararrawa ranar Alhamis, ba a kuma aiko wani a madadinsa ba. Dakta ya ci jarrabawa, ni na ɗaukar masa akwati a ka har tasha ranar da zai tafi jami'a, ina tafe ina gaya wa duk wanda na sani ƙanena zai karanta likitan dabbobi. Har yau ina alfahari da shi, wannan ba zan yi ƙarya ba. Yanzu sun raba wa samari wayoyi a ƙauyuka, an koya musu su ɗauki hoton dabba marar lafiya su tura, nan take labari ya iso ofis. Abu ne mai kyau, da muna da shi a wancan lokacin da ba mu yi kwana shida a hanya ba. Sai dai mai waya akuyar da aka fito masa da ita yake ɗauka. Wadda ta fara sanyi ba a fito da ita, kowa na tsoron a rufe masa kasuwa. A bayan gida ake yanka ta, nama ya shiga tukunya, fata kuma ta biyo mota ta zo zaurena.

Haka fatun nan uku suka zo mini makon jiya, a ɗauri ɗaya, daga kasuwa ɗaya. A cikinsu akwai ɗigo-ɗigon jini kamar an yayyafa, wajen wuya kuma fatar ta yi kauri ta yi ruwa-ruwa. Ba kirci ba ne, ba ƙazuwa ba ce, ba kuma irin na wancan karon ba ne. Na matsa wa mai kawowa da tambaya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce gaskiya a garinsu ana ta yanka awaki da tumaki da gaggawa, lafiya lau da safe, kafin la'asar sun kwanta. Ga Layya ta ƙarato, masu kiwo sun fara shigo da raguna gida-gida. Ban haɗa fatun da na kowa ba. Na sa musu gishiri, na naɗe a buhu da igiyarsu, na hau adaidaita sahu zuwa ofishin Dakta. Ina daga bakin ƙofa ina jin su da baƙinsa suna maganar yadda za a riƙa gano sabuwar cuta da wuri. Na ce alhamdu lillahi, na zo a kan gaɓa. Sauran na riga na faɗa. Na sunkuya a bakin lambatu na tattara kayana, mai gadi yana kallona, na dawo gida.

Ranar Juma'a Dakta ya kan zo gidanmu gaida uwarsa bayan an sauko daga masallaci. Mota ba ta shiga lungunmu, dole ya ajiye ta a titi ya tako, kuma dole ta zaure zai wuce. Na zauna na jira shi. Ya shigo da farar shadda yana ƙamshi, ya gan ni, ya ɗan tsaya.

"Yaya, ina wuni."

"Au, yau na koma Yaya?"

Ya sosa ƙeya. "Yaya, ranar nan ka ga akwai baƙi. Kuma abin yana da tsari, akwai wakilinmu a yankin, ta hannunsa rahoto ke zuwa."

"Wakilin naku ya turo?"

"Bai turo ba."

"To."

"Sannan Yaya, tsakani da Allah, ɗanyar fata da kake zargin cuta ka ɗauko a adaidaita, cikin mutane, har cikin ofis. In abin mai kama mutum ne fa?"

A nan kam ya fi ni gaskiya. Na ce, "Wannan na karɓa, na yi wauta. Da ka ja ni gefe ka faɗa mini haka, da na gode maka."

Ya ce zai duba, in Allah ya yarda cikin mako mai zuwa ko na sama zai sa a bincika. Ya ɗaga ƙafa zai shige cikin gida, na miƙa sandar da nake juya fata da ita na tare ƙofar. Na ce masa:

"Tsaya ka ji, ba zan riƙe ka ba, Gwaggo na jiranka. Malam ɗin da ka kira ni na yafe, ka ƙara kira ma in kana so. Ba waya nake nema ba, ba na son sunana a takardarku. Fatun suna ɗakin baya a rufe, ba wanda ya taɓa su, kuma na san kasuwar da suka fito. Ranar Laraba take ci. Ka zo da safar hannunka ka duba su, ko ka turo wanda ba ya jin wari, kafin Laraba. In ba ka zo ba, ni zan hau mota in je in tsaya a bakin kasuwar, duk wanda ya ɗora akuya a motar birni in gaya masa abin da na gani. Za su zage ni, wataƙila su dake ni. In suka tambaye ni wa ya aiko ni, zan ce ba kowa, ina da ƙane likitan dabbobi, na kai masa har ofis ya ce ba ya da lokaci. Shiga ka gaida uwarka."